Bayani A Kan Kukan Da Ke Fitowa Ƙarƙashin Tsohuwar Mota Mai Agzilari

 A wannan fitowa mun ga ya kamata mu ɗan matse wurin farashi, mu yi magana a kan wata kafa da ribar hatsi ke zurarewa ta cikinta alhali ba ta shiga lissafin kowa. Muna nufin tsofaffin motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda direbobi ke ce wa masu agzilari. Su ne ke fito mana da gero da dawa da wake daga ƙauyukan da babbar mota ba ta iya shiga, su kawo bakin kwalta. Da yawa cikinmu muna da guda, ko muna da kashi cikin guda, amma abin da ke ƙarƙashinta ba mu san shi ba sai ranar biyan kuɗi. Direba ya zo ya ce, "Alhaji, mota tana kuka." A ce masa ya kai gareji. Bakanike ya leƙa ya ce sai an sauke giya. An sauke, an biya, mota ta kwana huɗu a kan jak, kasuwar Alhamis ta Maigatari ta ci ta watse, sa'an nan a tayar a ji kuka yana nan inda ya ke, domin tun asali ba daga giya ya fito ba.

Ba mu ce kanikawa macuta ne ba. Ƙarfe ne ke da wannan hali: ƙara ta kan tashi can baya, ta bi ta jikin shasi, a ji ta ƙarƙashin kujerar direba. Wanda ya tsaya a gareji ya leƙa ba lalle ya gane ba, sai wanda ya shiga motar ya bi ta da kunne. Mu kuwa sana'armu ta riga ta koya mana wannan. Wanda ya daɗe a harkar wake, in ya kara kunne jikin buhu lokacin da sito ya yi shiru, ya kan ji motsin ƙwari tun bai kwance bakin ba. To, kunnen nan a ke bukata, da rabin sa'a, da hanyar da ba hayaniya.

Motocin da mu ke magana a kansu galibi sun girmi direbobinsu. Land Rover ta fara fitowa a Ingila a 1948, samfurin da mu ka fi sabawa da shi kuwa shi ne Series III, wanda a ka yi daga 1971 zuwa 1985, har an yi zamanin da a ke harhaɗa Land Rover a masana'antar Leyland ta Ibadan. Bayanta 110 ta zo a 1983, a ka sa mata suna Defender a 1990, a ka daina ƙera irinta a 2016. Wajen Toyota akwai tsohuwar Land Cruiser 45, da 70 da ta fito a 1984, da 80 ta 1990, sai Hilux da ta sami agzilari a 1979.

Kafin a gane kuka sai an san hanyar da ƙarfi ke bi. Yana fitowa daga inji, ya bi ta kuloci ya shiga giyabos. Bayan giyabos akwai ƙaramin akwati na biyu, shi ne agzilari, aikinsa raba ƙarfi gida biyu. Daga nan farfela biyu ke fita, ɗaya gaba ɗaya baya, kowace da kuros a kawunanta biyu. Kowace farfela tana shiga tulun da ke jikin aksil, inda ƙaramin haƙori, watau finiyan, ke juya babban faifai mai haƙora, watau kirawun. Cikin tulun kuma akwai wasu ƙananan haƙora da a ke kira difaranshiyal, aikinsu sulhu: in an zo kwana, tayar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya, su ne ke barin kowace ta yi gudunta. Daga tulu shaf biyu ke fita zuwa tayoyi, kowace taya kuma tana zaune bisa boris. A-kori-kurar Peugeot 504 farfela ɗaya gare ta da tulu ɗaya. Wannan kuwa kome biyu ne, saboda haka maɓoyar ƙara ta ninka.

Sa'an nan tilas mutum ya san wace iri ce tasa, domin iri biyu ne. Series da tsohuwar Land Cruiser da Hilux da baya su ke ja, sai direba ya sa agzilari kana gaba ta kama. A Series a kan danna liba mai kai ruwan ɗorawa, in kuma ana son ƙaramar giya ta hawa da taɓo a jawo mai jan kai. Irin wannan ba mai sulhu tsakanin gaba da baya, in an sa an ɗaure su ke nan. Amma 110 da Defender, da Range Rover tun fitowarta a 1970, da yawancin Land Cruiser 80, kullum da ƙafa huɗu su ke ja. Cikin agzilarinsu akwai mai sulhu na uku, da makullin da ke ɗaure shi in an shiga rairayi. A riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Abu na farko, a raba kukan gado da sabon kuka. Tsohuwar Series ba ta taɓa zama mai shiru ba. Giya ta ɗaya da ribas haƙoransu miƙaƙƙu ne, da fito su ka fito daga masana'anta, agzilarinta ma haka ya ke waƙarsa. Wanda ya ce zai biya kuɗi a kashe wannan, asara zai yi. Abin tambaya ga direba shi ne: yaushe kukan nan ya fara, bayan wane gyara, bayan wace hanya, kuma yana ƙaruwa ko yana nan yadda ya ke? Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sai dai a tambaye shi cikin lumana, domin direban da ke tsoron a zaftare masa albashi zai ce tun da ya karɓi motar haka ta ke.

A fara a tsaye. A sa giya firi, a tayar da inji, a taka totur. In kukan ya taso yana bin inji alhali mota ba ta motsa ba, to farfela da tulu da boris ɗin taya duk sun kuɓuta, sai a duba inji, ko salansar da ta saki tana bugun shasi. Sa'an nan a taka kuloci. In ƙara ta taso da takawa, ta tafi da saki, boris ɗin kuloci ne. In kuwa akasin haka ne, watau tana gurnani a firi, da an taka ta yi tsit, to boris ne na cikin giyabos. Akwai shaida ta biyu ga wannan: a giyabos mai giya huɗu, ta huɗun ba ta bi ta shaf na ƙasa, kai tsaye ta ke wucewa. Saboda haka kukan da a ke ji a ɗaya da biyu da uku, ya ɓace a huɗu, na giyabos ne ba shakka, a nan bakanike yana da hujjar saukewa.

In ba a ji kome a tsaye ba, sai a hau hanya, ba lodi, a miƙaƙƙiyar kwalta wadda ba gangara. A kai gudun da kukan ke fitowa, a sa firi, a bar inji ya kwanta, mota na tafiya da kanta. In kuka ya ci gaba, yana raguwa yadda gudu ke raguwa, to na ƙasa ne. Kafin a zargi ƙarfe kuma a wanke taya tukuna. Tayar daji mai manyan haƙora tana ruri bisa kwalta, wuuu, kamar boris ya mutu. Sai a sauka kan burji ko rairayi. In rurin ya ɓace ko ya sāke murya, taya ce. Boris ba ruwansa da irin ƙasar da a ke takawa.

Mai Hilux ko Land Cruiser ko Series da ke da makulli a cibiyar tayoyin gaba, yana da gwaji na kyauta. In ya kulle su ba tare da ya sa agzilari ba, tayoyi za su riƙa juya shaf da tulu da farfelar gaba. In ya buɗe, duk waɗannan su tsaya cik. To, ya bi hanya ɗaya sau biyu, a kulle da a buɗe. Kukan da ya tafi da buɗewa na gaba ne, an raba motar biyu ke nan ba a taɓa sifana ba.

Akwai kuma ƙidaya. A Series farfela tana juyawa sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya, a 110 da Defender sau 3.54, a galibin Land Cruiser wajen sau huɗu da ɗan ɗoriya. Saboda haka in ana tafiyar ƙafa da mota, wani yana binta a gefe, bugun da ke zuwa sau ɗaya duk juyin taya na taya ne, ko shaf, ko haƙorin kirawun da ya gutsure. Wanda ke zuwa da sauri-sauri, huɗu ko biyar cikin juyi ɗaya, na farfela ne ko finiyan. A sa alli jikin taya, ƙidayar ta fi sauƙi.

Boris ɗin taya gurnani ya ke yi, kamar ana niƙa a nesa, bai damu da an taka totur ko an saki ba. Abin da ke tona shi karkata. In hanya ba kowa, a ɗan kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali. In an karkata dama kuka ya ƙaru, galibi na hagu ne, domin nauyi ya koma kansa. A tsaya a taɓa cibiyar tayoyin huɗu da bayan hannu, wadda ta fi 'yan'uwanta zafi ita ce abar tuhuma, in dai ba birkinta ke kamawa ba. A ɗaga ta, a kama sama da ƙasa a girgiza. A tayar gaba, in an ji wasa, a sa yaron mota ya taka birki: in wasan ya tafi boris ne, in yana nan to na kimfin ne. Boris na waɗannan motoci ana iya ɗaure shi in sako-sako kawai ya yi, amma wanda in an juya taya a ji kamar tsakuwa a ciki, ɗauri ba ya warkar da shi, sai sabo.

Tulu shi kuwa fito ya ke yi, kuma yana jin maganar totur. Wannan ita ce alamarsa. In fiton yana tashi sa'ad da a ke takawa ya kwanta da an ɗaga ƙafa, galibi haƙoran kirawun da finiyan ne su ka cinye, ko wanda ya ɗaura su bai daidaita cizonsu ba. In kuwa sai an ɗaga ƙafa mota na turo kanta ya ke kuka, a fi zargin boris ɗin finiyan, ko babban notinsa ya saki. A shiga ƙasa a kama wurin da farfela ta haɗu da tulu, a jijjiga sama da ƙasa. Ba a son wasa ko kaɗan a nan, in akwai, sau da yawa za a ga mai yana tsatsafowa ta wurin. Tulun da a ka gyara ya fito gareji yana fito tun ranar farko, a mayar da shi nan take, domin in haƙora su ka saba da mugun cizo ba su komawa daidai. Amma mu faɗi gaskiya, tulu mai fito kawai, wanda mansa ke cike kuma ba ya zafi, ya kan yi kaka biyu ko uku yana aiki. Ba shi ne abin gaggawa ba.

Abin gaggawa shi ne kuros, ga shi kuwa shi ne mafi araha cikin duk abin da mu ka lissafa. Ƙaramin ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu da ƙoƙonsa cike da 'yan sanduna kamar allura, giris kaɗai ke raya su. Ƙurar harmatan da ruwan fadama su ne ajalinsa. In ya fara bushewa sai a ji kukan tsuntsu, ƙyas-ƙyas-ƙyas, sa'ad da mota ke tashi a hankali, musamman a ribas ko kusa da bango, da gudu ya ƙaru sai ya ɓace cikin hayaniya. Direba ya ce ya warke. Bai warke ba. Daga nan sai bugu: duk sanda a ka saki kuloci, ko a ka fita daga ɗaya zuwa ribas, a ji gau a ƙasa. Daga nan sai karkarwa a wani gudu na musamman, a ji ta a daɓen mota da kujera, madubi ya riƙa rawa, ba a sitiyari ba kamar ta taya. In an kai nan kwana ya ƙare. Farfelar baya in ta tsinke ta kan gaba, ƙasa ta ke soka, tana iya ɗaga mota mai lodi ta kifar. Ta gaba kuwa in ta tsinke tana juyawa, ta kan fasa jikin giyabos, kuɗin kuros ɗaya ya zama kuɗin giya sukutum.

Gwajinsa ba wuya, amma akwai sharaɗi. A tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe inji, a sa waigi gaba da bayan tayoyi, a sa giya firi, a sauke birkin hannu. Dole a sauke shi, domin birkin hannun Land Rover ba a taya ya ke ba, ganga ce a bayan agzilari da ke riƙe farfela, in yana ɗaure farfela za ta yi ƙam a zaci lafiya lau ce. Sa'an nan a kama farfela da hannu biyu, a murɗa, a tura sama da gefe, ido na kan kuros. Ko wasa kamar kaurin farce ya isa hukunci. A duba bakin ƙoƙuna, in an ga jan gari kamar garin barkono, tsatsa ce, allurai sun niƙe. A duba wurin da farfela ke shiga cikin 'yar'uwarta tana zamewa, shi ma yana cinyewa ya yi bugu. Wajen sa giris a yi ta bugawa har sai sabo ya ɓullo ta ƙoƙuna huɗu duka, in uku su ka fitar ɗaya ya ƙi, ɗayan nan shi zai kashe. Tanbihi ga wanda zai kwance farfela: ya yi mata alama da fenti tukuna, ya mayar yadda ya same ta. Ta gaban Defender da gangan a ka ɗan karkata kawunanta tun daga masana'anta, wanda ya ce zai miƙe ta da ido sai ya sayo karkarwar da ba ta nan a da.

Ba kowane gau ba ne na kuros. A 110 da Defender na farko akwai wani ciwo sananne: inda shaf ɗin giyabos ke shiga haƙorin farko na agzilari, mai ba ya isa sosai, sai zaren da ke haɗa su ya yi ta cinyewa a ɓoye. Bugu ya yi ta ƙaruwa shekara da shekaru, ran nan a saki kuloci inji ya yi ta ihu mota ba ta motsa ba. Daga baya a ka riƙa huda haƙorin domin mai ya shiga. Akwai murfi a bayan agzilari da a ke buɗewa a gani ba sai an sauke giya ba, mai irin motar ya sa a duba masa. Haka nan ƙwallon da ke riƙe aksil na baya daga sama, da zaren da ke bakin shaf wajen cibiyar taya, duk suna ba da gau iri ɗaya.

Ƙwas-ƙwas a kwana kuwa na gwiwar gaba ne. Shaf na gaba tilas ya lanƙwasa yana juyawa, saboda haka akwai gaɓa cikin ƙwallon ƙarfen da ke bayan taya. A sami fili mai rairayi, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a zagaya a hankali, dama sa'an nan hagu. Mai sa agzilari da hannu sai ya sa shi ya kulle cibiya kafin ya ji. A Land Cruiser gaɓar cikin giris ta ke, tulu kuma cikin mai, robar da ke raba su in ta mutu sai su gauraya, a ga baƙin kunu yana malala bayan taya. Wanda ya ga kunun nan ya gyara tun ƙwas-ƙwas bai zo ba, ya tsira da gaɓarsa.

To, yanzu mu koma kan bambancin da mu ka ce a riƙe, domin a nan mafi yawan ɓarnar ta ke, kuma ɓarna ce ta hannu. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya doguwar tafiya. In an ɗaure gaba da baya, a rairayi ba laifi, taya ta kan ɗan zame bambancin ya fita. A kwalta ba zamewa. Sai shaf da farfela su yi ta murɗuwa kamar igiyar rama a hannun mai tufka. Direba ya fito daga daji da agzilari a ciki, ko makullin tsakiya a ɗaure, ya hau kwalta ya manta. Sitiyari ya yi nauyi, tayoyi su riƙa ƙara a kwana, mota tana tsalle-tsalle kamar tana turjiya, liba ta ƙi fita, in ta fita a ji dam kamar an harba bindiga. Mun sha ganin an kai irin wannan gareji an ce aksil na gaba ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Maganinsa a yi ribas 'yan taku kaɗan a miƙe, ko a sauke tayoyi biyu kan rairayin gefen hanya, liba za ta fita da yatsa biyu. In an ci gaba da haka da lodi, wani abu zai ba da kai. A Series galibi shaf na baya ne, domin siriri ne: a ji ɓas, inji na gudu mota na tsaye. Sa agzilari ya kan kai mutum gida da ƙafafun gaba, amma a sauke kaya, a tafi a hankali, kuma a zare guntun da ya karye kafin ya shiga haƙoran tulu.

Tayoyi ma suna jawo wannan murɗuwa ko a miƙaƙƙiyar hanya, mu kuwa mun san halinmu na sayen taya ɗai-ɗai, wannan sabuwa, wannan ta hannu, wannan ta aro. Ga lissafi. Taya mai lamba 7.50-16 kewayenta wajen mita biyu da rabi ne, tana juyawa wajen sau 400 a kilomita ɗaya. In tayoyin gaba sun gaza na baya da santimita ɗaya kacal a faɗin da'ira, kewaye ya ragu da santimita uku da 'yan kai, cikin kilomita ɗaya bambanci ya kai wajen mita 12. Daga ƙauye zuwa Dawanau kilomita nawa ne? In a ɗaure a ke, mita 12 ɗin nan duk kilomita ƙarfe ne zai shanye su ko taya ta goge su. In mai ja da huɗu kullum ce, mai sulhun tsakiya ne zai yi ta aiki ba hutu, ya yi zafi, ya fara nasa kukan. A sami igiya a auna kewayen tayoyin huɗu da iskarsu daidai, in tilas ne a haɗa, a sa masu kama da juna.

Bayan kunne sai yatsa. Kowane akwati yana da noti a gefe na duba mai: giyabos, agzilari, tulun gaba, tulun baya, a Series har da gwiwoyin gaba biyu. A buɗe a sa yatsa, mai ya kamata ya kai bakin ramin. Kamar yadda mu ke soka buhu mu ga abin da ke tsakiya, haka wannan. Man da ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa ruwa ya sha. Tulu mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi ya kan zuƙo ruwa ta bakin roba, balle in ɗan bututun numfashinsa na sama ya toshe da laka, saboda haka duk wanda ya ƙetare rafi da damina ya duba. Baƙin gari mai laushi jikin notin ƙasa tsufa ne kawai. Amma in an ga ɓarɓashi mai sheƙi kamar tsakin masara, ko guntun da farce ke iya ɗauka, kada a sake tayar da motar. A Series mai ya kan gudu daga giyabos ya tare a agzilari in robar tsakani ta mutu, a buɗe ɗaya ya yi ambaliya ɗayan kuwa a bushe. Series lamba 90 ta ke sha ko'ina a ƙasa, amma giyabos mai giya biyar na 110 ta farko jan mai ya ke so, irin na giya mai canza kanta. An sha zuba masa mai kauri da niyyar alheri, giya ta riƙa ƙin shiga da safe.

In duk an yi wannan ba a rabe gaba da baya ba, kanikawa su kan cire farfela ɗaya su gwada. A mai ja da huɗu kullum sai an ɗaure makullin tsakiya kafin ta motsa, a mai sa wa da hannu in ta baya a ka cire sai an sa agzilari. A mayar da notunan gangar birki kada ta fice, kuma kada a dogara da birkin hannu a wannan hali, waigi ne abin dogara. Range Rover ta wajen 1989 zuwa sama, wadda tsakiyarta ke kama kanta da wani ruwa mai danƙo, ba a yi mata wannan gwaji, lalata ta ya ke yi. Sa'an nan muna roƙon kowa, mai mota da bakanike, kada a ɗaga tayoyin baya biyu kaɗai a sa giya domin a saurari tulu, yadda a ke yi wa 504. Wannan tana ja da gaba, za ta iya sauka daga kan jak ta bi ta kan wanda ke kwance ƙarƙashinta. In ba za a ɗaga huɗu duka bisa abin da ba ya gocewa ba, a bar gwajin.

Sauran magana lodi ne, ba kuwa za mu tsawaita ba, domin kowa ya san abin da ya ke yi. Waɗannan motoci an yi su ne domin tan ɗaya ko ƙasa da haka, watau buhu goma mai tiya 40 in an cika. Abin da mu ke ɗora musu ranar kasuwa mu da direbobi mun sani. Lodi yana danne sifirin, farfela ta sāke kwanciya, boris ya ɗauki abin da ba nasa ba, saboda haka akwai kukan da ba ya fitowa sai da kaya. In direba ya ce yana ji mu kuwa ba mu ji ba, a ɗora buhu biyar a sake bin hanyar kafin a ƙaryata shi.

Wanda zai sayi irin wannan mota, ya sani mai mai kauri yana rufe bakin tulu muddin yana da sanyi, kamar kyakkyawan hatsi a bakin buhu. Kada ya yarda da zagayen unguwa. Ya yi rabin sa'a a hanya har ƙarfe ya ɗauki zafi, ya sa agzilari a rairayi ya cire, ya sa ƙaramar giya ya cire. Wanda kuma zai sayo tulu na hannu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, ya tafi da tsohon a hannu ya ƙirga haƙora. Na Series kirawun 47 ne finiyan 10. Na Range Rover da 110 kirawun 46 finiyan 13. Daga waje kamarsu ɗaya, wasu ma suna zama gurbin juna daram, notuna su shiga ba gardama. A Series, muddin ana ja da baya kaɗai ba za a ji kome ba, sai ranar da a ka shiga rairayi a ka danna liba, gaba na neman gudu baya na riƙewa. In mai shago bai yarda a ƙirga ba, a sa alli jikin kirawun, a juya bakin finiyan da hannu ana lissafi har allin ya dawo wurinsa: kusan biyar na Series ne, uku da rabi na ɗayar.